Ɗan Sanda da Talaka a Kudancin Jigawa: Amana Ba Ta Tsayuwa Sai da Hukunci

A daren Talata wayewar garin Laraba, 9 ga Afrilun 2014, wasu 'yan bindiga da ake kyautata zaton 'yan Boko Haram ne suka afka wa garin Gwaram. Sun kai hari caji ofis da kotun shari'a da banki, suka kashe 'yan sanda bakwai da farar hula guda ɗaya. Waɗannan bayin Allah sun rasu ne a bakin aiki, suna gadin garin da jama'arsa ke barci. Duk wanda zai buɗe baki ya yi magana kan zaluncin 'yan sanda a wannan yanki, wajibi ne ya fara da sanin cewa akwai masu kaki da jininsu ya zuba a ƙasar nan domin mu kwana lafiya. Allah ya jiƙansu, ya dubi bayansu.

Amma gaskiya ɗaya ba ta kore 'yar'uwarta. Ka zauna a tashar mota a Birnin Kudu, ko ka shiga kasuwar Sara ranar cinta, ka tambayi manomi ko direba ko ɗan acaɓa: idan aka yi maka sata, ina za ka fara kai ƙara? Da yawa za su ce wurin mai unguwa, ko dagaci, ko 'yan sintiri. Wasu za su ce sun bar wa Allah. Caji ofis shi ne na ƙarshe a lissafi, kuma dalilin da za a ba ka ɗaya ne: "Ka je da ƙara, ka dawo da asara biyu." Mutumin da ake biya albashi daga dukiyar jama'a domin ya kare talaka, shi ne talaka ke sauya hanya idan ya hango shi.

Ra'ayina a kan wannan lamari shi ne, abin da ya raba ɗan sanda da talaka ba ƙarancin doka ba ne, ba kuma taurin kan jama'a ba ne. Rashin hukunci ne. Muddin jami'i zai daki mutum har lahira, washegari a gan shi a kan kujerarsa, ko a sauya masa wurin aiki a ce an gama magana, to babu taron wayar da kai da zai dawo da amana. Kuma wannan rashin hukunci, kamar yadda za mu gani, ba talaka kaɗai yake kashewa ba, har da shi ɗan sandan.

Darasi daga maƙwabta

Birnin Kudu da Gwaram suna zaune ne tsakanin jihohi biyu, Kano ta ɓangaren yamma, Bauchi ta kudu da gabas. A waɗannan maƙwabta biyu an yi abubuwa biyu da ya kamata kowane shugaba a Jigawa ya zauna ya yi nazari a kansu.

A watan Yulin 2020, a cikin garin Bauchi, an kama wasu samari uku bisa zargin satar kaji. An yi musu dukan kawo wuƙa a hannun 'yan sanda. Biyu suka mutu, na ukun ya tsira da munanan raunuka. Iyalansu suka garzaya Babbar Kotun Tarayya da ke Bauchi, kotu ta ba su gaskiya, ta umarci a biya diyyar naira miliyan 210. Ran mutum biyu a kan zargin kaji, alhali ko da an tabbatar da satar, babu dokar ƙasa ko ta addini da ta yanke wa ɓarawon kaza kisa.

Bayan kusan shekara biyar, a ƙarshen watan Mayun 2025, aka kama wani matashi mai gyaran babur a garin Rano ta jihar Kano bisa zargin tuƙin ganganci. Kafin gari ya waye sosai ya cika. Rundunar 'yan sanda ta ce jikinsa ne ya yi rauni a tsare, aka kai shi asibiti, rai ya yi halinsa. Mutanen gari suka ce duka ne. Babu wanda ya jira sakamakon bincike, domin babu wanda ya yarda za a yi binciken gaskiya. Matasa suka far wa caji ofis, suka cinna wuta, suka ƙona motoci, suka yi wa DPO rotse. Ya rasu a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Aka bi gida-gida ana kame. Daga baya jaridu suka ruwaito cewa jami'in da ya rasa ransa a Rano shi ne wanda aka ambata a shari'ar Bauchi.

Kisan wannan jami'i ta'asa ce, haramun ne, kuma duk wanda aka samu da hannu a ciki ya cancanci hukunci. Babu wanda ya naɗa taron matasa alƙalai. Amma mu tambayi kanmu: da a ce tun a 2020 hukumar da ke da alhakin ladabtarwa ta yi aikinta a bainar jama'a, ta gurfanar da wanda ake tuhuma, aka wanke shi ko aka hukunta shi, shin da za a kai ga abin da ya faru a Rano? Hukumar da ta ɗauka tana rufa wa ɗanta asiri, ita ce ta tura shi bakin mutuwa. Masu iya magana sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Daga Rano zuwa Birnin Kudu ba tafiyar yini ba ce.

Agustan 2024

Jigawa ma ta ɗanɗana nata. Ranar 1 ga Agustan 2024 aka fara zanga-zangar tsadar rayuwa a faɗin ƙasa. A wasu garuruwan jihar abin ya rikiɗe ya koma fashe-fashe da wawushe kayan gwamnati, har Gwamna Umar Namadi ya sa dokar hana fita ta sa'o'i 24. Babu mai hankalin da zai ce a zuba wa masu fasa rumbuna ido. Tambayar ita ce: da wane irin ƙarfi aka tunkare su, kuma wa ya ba da lissafin rayukan da suka salwanta?

A watan Nuwamban wannan shekara ƙungiyar kare haƙƙin ɗan'adam ta Amnesty International ta fitar da rahoto, ta ce an kashe aƙalla mutum 24 a jihohin Kano da Jigawa da Katsina da Kaduna da Borno da Neja. Goma sha biyu a Kano, uku a Jigawa. Ta ce mafi yawansu harsashi mai rai ne ya same su daga kusa, kuma an tsare sama da mutum 1,200. Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya kafa kwamitin 'yan sanda ya binciki zargin da ake yi wa 'yan sanda. Kwamitin ya ce rahoton ba gaskiya ba ne, rundunar kuma ta nemi ƙungiyar ta janye shi, ta ba da haƙuri.

Ko da za mu ɗauka cewa rundunar ce ke da gaskiya a kowane ɗaya daga cikin waɗannan rayuka, hanyar da aka bi ba za ta gamsar da uwar da ta binne ɗanta ba. Wanda ake ƙara ba ya zama alƙali a shari'arsa. Abin da ya dace shi ne kwamiti mai zaman kansa ƙarƙashin alƙali, a zauna a fili, a kira shaidu, a kawo rahoton likita, a kawo littafin da ke nuna wa aka ba harsashi nawa da safe, nawa ya dawo da shi da yamma. Wanda gaskiya ke hannunsa ba ya gudun irin wannan zama.

Sai kuma abin da duniya ta gani ranar 1 ga Nuwamban 2024, lokacin da aka gurfanar da yara ƙanana daga Kano da Kaduna a Babbar Kotun Tarayya ta Abuja bisa tuhumar cin amanar ƙasa, bayan sun shafe kusan wata uku a tsare. Sun rame sun ƙanjame, wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali, aka kuma sa belin kowannensu a kan naira miliyan 10. Sai da ƙasa ta ɗauki ɗumi kafin Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarnin a sake su. Lura da bambancin: talaka ya jefi mota, cikin kwana biyu yana hannu. Harsashi ya kashe talaka, shekara ta zagayo ana gardamar ko ya mutu ma ko bai mutu ba.

Tsoron ba na yau ba ne

Tsoron mai kaki ya girmi jihar Jigawa, wadda aka kafa a 1991. Asalin rundunar ya samo tushe ne daga dakarun da Turawan mulkin mallaka suka tara a Ikko a shekarun 1860 domin kare mulkinsu da cinikinsu. A 1930 aka haɗe rundunar Arewa da ta Kudu suka zama ɗaya. A masarautunmu kuwa dogarai da 'yan doka ne ke riƙe da talaka a ƙarƙashin En'e. Dattawan da suka yi siyasar jam'iyyar NEPU a tsohon lardin Kano, wanda Birnin Kudu da Gwaram ke cikinsa a lokacin, sun san yadda ake ɗaure mutum saboda ya halarci lacca ko ya ƙi cire hula. Wannan na cikin dalilan da suka sa gwamnatin soja ta rushe 'yan doka bayan juyin mulkin 1966, ta mayar da aikin hannun tarayya.

An sauya kaki, ba a sauya tarbiyya ba. A watan Afrilun 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta kan manoman Bakolori da ke neman diyyar gonakinsu da aikin madatsar ruwa ya cinye. Gwamnati ta amsa mutuwar mutum ashirin da 'yan kai, mutanen yankin suka ce ɗaruruwa ne. Ranar 23 ga Mayun 1986 aka harbe ɗalibai a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. A watan Yunin 2005 aka kashe wasu matasa shida a unguwar Apo ta Abuja, aka laƙaba musu fashi da makami, sai a 2017, bayan shekara goma sha biyu, kotu ta yanke wa 'yan sanda biyu hukuncin kisa. Ranar 30 ga Yulin 2009 aka kashe Muhammad Yusuf, shugaban Boko Haram, a hannun 'yan sandan Maiduguri, bayan sojoji sun miƙa shi da ransa. Da an kai shi kotu, da ƙasa ta ji wa ke bayansa, wa ke ba shi kuɗi. Kisan gillar ya zama abin da mabiyansa suka riƙa kafa hujja da shi suna farautar 'yan sanda shekara da shekaru, daga Maiduguri zuwa Kano, har zuwa kudancin Jigawa.

Doka tana nan a rubuce

Abin takaici shi ne, a kan takarda Nijeriya ba ta rasa komai ba. Ya kamata kowane magidanci ya san waɗannan abubuwa kamar yadda ya san farashin taki.

Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce wanda aka kama dole a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tsakanin kilomita 40, in babu kuma cikin kwana biyu. Akwai kotuna a Birnin Kudu, akwai su a Gwaram, saboda haka babu hujjar ajiye mutum mako guda a bayan kanta kan ƙaramin laifi. Dokar Hana Azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 25 ga jami'in da ya azabtar da wanda ke hannunsa, kuma ta ce umarnin na gaba ba hujja ba ne. Dokar 'Yan Sanda ta 2020, wadda Shugaban Ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya sa wa hannu, ta haramta kama wani a madadin wani, wato ba a kama uba don ɗansa ya gudu, ba a kama mace don a matsa wa mijinta ya fito. Ta haramta kama mutum kan bashi ko saɓanin ciniki. Ta wajabta a sanar da dangin wanda aka kama ba tare da sun biya ko kwabo ba. Ta ce a ajiye jami'i mai shaidar lauya aƙalla guda a kowane babban caji ofis. Ta kuma ɗora wa alƙalin majistare alhakin zagaya caji ofis na yankinsa aƙalla sau ɗaya a wata, ya duba littafin kame, ya ga waɗanda ke tsare da idonsa, ya ba da belin wanda ya cancanta.

Game da harbi kuwa, tsohon umarnin rundunar mai lamba 237 ya buɗe ƙofar harbin wanda ya ruga da gudu da masu tarzoma. A 2019, zamanin Sufeto Janar Mohammed Adamu, aka yi masa kwaskwarima domin ya dace da ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1990: ba a ɗaga bindiga a kan mutum sai idan rai na cikin haɗari nan take, kuma babu wata hanyar da ta rage. Direban da ya ƙi tsayawa a shinge ba a yanke masa kisa ba. Yaron da ya ɗauki buhun taki ya ruga ba a yanke masa kisa ba.

Abin da ke faruwa a gaban kanta

Yanzu mu ajiye takarda mu dubi abin da ido ke gani. Dattijo ne ya taso daga ƙauye tun da asuba, ya tsaya a gaban kanta, ya cire takalmi, ya durƙusa yana "ranka ya daɗe" ga kofur ɗin da bai kai ɗan cikinsa ba. A bango, saman kansa, an rubuta cewa beli kyauta ne, shi kuwa bai iya karatun boko ba, kuma ko ya iya bai isa ya nuna rubutun da yatsa ba. An kama ɗansa kan rigimar iyakar gona. Aka ce ya kawo kuɗin takarda, kuɗin mai, da abin da za a "kashe magana." Ya koma gida ya kwance akuyar matarsa, ya kai kasuwa ya sayar a wulaƙance. Da yamma aka sako yaron yana ɗingishi. Babu rasit, babu shari'a, babu wanda ya rubuta abin da ya sami ƙafarsa. Wannan dattijo ba zai sake kai ƙara ba har abada, kuma ranar da ya ga baƙin fuska da makamai a bayan gari, zai ja bakinsa ya yi shiru, domin ya san wanda ya kai rahoto shi ake fara tsarewa.

A nan ne asarar ƙasa take. Aikin ɗan sanda kacokan a kan bayanan jama'a ya dogara. Ɓarawon shanu da mai garkuwa da mutane ba daga sama suke faɗowa ba, wani ya gan su, wani ya sayar musu da burodi da man babur. Ranar da jama'a suka daina magana, bindiga dubu ba za ta maye gurbin bakin mutum ɗaya ba.

Adalci ne kuma a dubi ɗaya ɓangaren. 'Yan sandan Nijeriya ba su kai 400,000 ba a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, kuma an daɗe ana kokawa kan yadda dubbai daga cikinsu ke gadin manya da riƙe wa matansu jaka. Kurtu na kwana a barikin da rufinsa ke yoyo. DPO na riƙe da ƙaramar hukuma mai ɗaruruwan ƙauyuka da mota ɗaya ko biyu, kuɗin man wata ba ya kai mako. A watan Yulin 2025 tsofaffin 'yan sanda suka fito zanga-zanga a Abuja kan fanshon da ba ya ciyar da su. Kurtun da ke kallon wannan ya san abin da ke jiransa. Idan gwamnati ta ba mutum bindiga ta hana shi abin aiki, ta san sarai daga aljihun wa zai cike giɓin. Sai dai talauci na iya bayyana dalilin karɓar na goro a shinge, ba zai taɓa zama hujjar karya ƙafar ɗan mutane ba. Akwai dubban 'yan sanda masu tsoron Allah da ke cikin wannan ƙunci, ba su taɓa azabtar da kowa ba. Su ne farkon waɗanda rashin hukunci ke zalunta, domin wake ɗaya shi ke ɓata gari.

Damar da Jigawa ta bari ta wuce

A watan Oktoban 2020, bayan zanga-zangar neman rushe rundunar SARS ta 'yan sanda, aka rushe ta ranar 11 ga wata, aka kuma umarci jihohi su kafa kwamitocin shari'a domin sauraron koke-koken waɗanda 'yan sanda suka zalunta. Jihohi 29 suka kafa. Bakwai ba su kafa ba: Jigawa, Kano, Sakkwato, Kebbi, Zamfara, Yobe da Borno. A lokacin an riƙa gaya mana cewa wannan matsalar 'yan Kudu ce, mu matsalarmu 'yan bindiga ne. Gaskiya ne muna da matsalar tsaro, amma shirun talakan Arewa ba shaida ba ce ta cewa ba a zalunce shi. Shaida ce ta cewa bai san inda zai kai kuka ba, kuma an tarbiyyantar da shi a kan cewa jayayya da hukuma rashin kunya ne. A wasu jihohin, irin su Legas, an saurari mutane a fili, an biya wasu diyya. Mutumin Gwaram da na Birnin Kudu ba su sami ko da kujerar da za su zauna su faɗi abin da aka yi musu ba.

Wasu na cewa tona irin waɗannan abubuwa zai karya gwiwar jami'an tsaro. Abin da aka gani a wasu ƙasashe ya nuna akasin haka. A Ireland ta Arewa, inda a da kusan rabin al'umma ke kallon 'yan sanda a matsayin abokan gaba, an kafa ofishin sauraron ƙorafi mai zaman kansa a 2000, wanda ba ya ƙarƙashin rundunar, kuma yana cikin abubuwan da suka sa waɗanda ke gudun aikin a da suka fara shigarsa. A Kenya dokar 2011 ta kafa hukumar farar hula da ke binciken duk mutuwar da ta auku a hannun 'yan sanda, kuma ta kai jami'ai da dama gaban kotu har aka ɗaure su. Mu ma muna da Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa, amma ga mutumin ƙauye, nisansu da nisan sama ɗaya ne.

Ba ma sai mun je Turai neman misali ba. Kowane almajiri ya san labarin Khalifa Umar ɗan Khaɗɗabi, Allah ya ƙara masa yarda, lokacin da ɗan gwamnan Masar, Amru ɗan As, ya daki wani talakan ƙasar. Khalifa ya kira uban da ɗan zuwa Madina, ya miƙa wa talakan bulala ya rama a gaban jama'a. Daular ba ta rushe ba saboda wannan, ƙarfi ma ta ƙara. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kuma, a cikin Kitabul Farƙi, ya lissafa karɓar gaisuwa kafin a saurari mai ƙara a cikin halayen mulkin zalunci da ya tashi yaƙa. Jihar da ke da kotunan shari'a da hukumar Hisba ba ta da uzurin kau da kai daga wannan.

Batun 'yan sandan jihohi

Tun daga watan Fabrairun 2024, lokacin da Shugaban Ƙasa da gwamnoni suka amince a duba kafa 'yan sandan jihohi, ake ta muhawara. Hujjar masu goyon baya tana da ƙarfi: sashe na 214 na tsarin mulki ya kafa runduna ɗaya tak, kwamishina na karɓar umarni daga Abuja, kuma ɗan gari ya fi baƙo sanin daji da harshe da mutane. Amma wanda ya san tarihin 'yan doka ba zai yi gaggawar tafi ba. Ɗan doka ma ɗan gari ne, kuma sanin gida-gida da ya yi shi ne ya sa ya fi iya cutarwa. Idan za a ba gwamna runduna, to dokar da ta kafa ta ta zo tare da hukumar sauraron ƙorafi wadda gwamna ba zai iya korar shugabanta ba, mai kuɗinta na kanta, mai ikon gurfanarwa. In ba haka ba, an matso da sanda kusa da bayan talaka ne kawai.

Abin da za a iya yi tun yanzu

Akwai gyare-gyaren da ba sa jiran Abuja. Na farko, Babban Jojin Jihar Jigawa ya tabbatar da cewa alƙalan majistare na Birnin Kudu da Gwaram da sauran ƙananan hukumomi 25 suna zagayen caji ofis duk wata kamar yadda doka ta ce, a ba su mota da mai, a kuma riƙa bayyana wa jama'a sakamakon. Jami'in da ya san alƙali na iya shigowa kowace rana ya ce a fito da kowa, zai yi tunani kafin ya ɗaga kulki.

Na biyu, duk wanda ya mutu a tsare ko harsashin jami'i ya kashe shi, a yi binciken likita kafin a rufe shi. Muna da Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu, ba sai an je nesa ba. Al'adarmu ta gaggauta jana'iza abu ne mai kyau, amma malamai su fito su bayyana wa jama'a cewa jinkirin 'yan sa'o'i domin tabbatar da haƙƙin jini bai saɓa wa addini ba. Sau da yawa da gawa ake binne hujja. A kuma dakatar da jami'in da abin ya shafa nan take har a gama bincike, kada a sauya masa gari.

Na uku, Majalisar Dokokin Jiha da Gwamna su kafa kwamitin da ba a kafa ba a 2020, ƙarƙashin alƙali mai ritaya, ya zagaya masarautun jihar biyar, ya yi zamansa da Hausa da Fulatanci, ya haɗa da abin da ya faru a Agustan 2024. Babban Lauyan Jiha kuma ya gurfanar da duk wanda hujja ta hau kansa, domin kisan kai laifi ne da kotun jiha ke da hurumin saurare, ko wane ne ya aikata.

Na huɗu, a rubuta haƙƙoƙin wanda aka kama da Hausar boko da ajami a ƙofar kowane caji ofis, a karanta su a rediyo, limamai su taɓo su a huɗubar Juma'a. Hakimai da dagatai su daina zama masu roƙon a yi haƙuri kawai, su zama masu rubuta ƙorafi su bi shi har Dutse. Reshen ƙungiyar lauyoyi da Hukumar Ba da Agajin Shari'a su ware ranakun leƙa caji ofis na karkara. Makarantar Horar da Manyan 'Yan Sanda ta Wudil na kan hanyarmu ta zuwa Kano. Ɗaliban da za su zama DPO gobe ya kamata a kawo su su zauna da manoma da makiyaya da direbobi, su ji da kunnensu yadda ake kallon kakin da za su saka.

Na biyar, 'yan majalisarmu na tarayya su tsaya kai da fata a kan albashi da fansho da kuɗin gudanar da caji ofis, su kuma bi sawun Asusun Tallafa wa 'Yan Sanda da aka kafa a 2019, su gaya mana nawa ya iso Gwaram.

Ga matasanmu kuma, ƙona caji ofis ba ya dawo da mamaci. Yana ƙona littafin da ke ɗauke da hujjarku, yana mayar da mai gaskiya mai laifi, yana jefa iyayenku cikin zaryar kotu na shekaru. Idan aka zalunci ɗanku, ku rubuta rana da lokaci da sunan jami'i, ku nemi takardar likita, ku riƙe shaidu, ku nemi lauya, ku kai ƙara a rubuce. Iyalan Bauchi sun bi wannan hanya, kotu ta ba su gaskiya.

Ga Kwamishinan 'Yan Sanda da Gwamna da Babban Joji, kira ɗaya ne: ku nuna wa jama'ar Jigawa jami'i guda da ya zalunci talaka aka hukunta shi a fili, da jami'i guda da ya riƙe amana aka ɗaukaka shi a fili. Ranar da talaka ya ga haka da idonsa, shi da kansa zai kawo muku labarin ɓarawo kafin ku tambaya. Allah ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, ya zaunar da jiharmu da ƙasarmu lafiya.